Allurar Motar Ɗanmaliki

Ba korar da Alhaji Ɗanmaliki ya yi masa ce ta fi ci wa Sulle rai ba. Kora ai kowane direba ya san ɗanɗanonta. Sunan da aka liƙa masa ne ya hana shi sakat: ɓarawon baƙin mai.

Shekara da shekaru yana jan gingimarin Alhaji, yana kwasar gyaɗa da masara daga Rogo zuwa Kano, har ya san tarinta da atishawarta. Shi ya fara lura cewa in aka tayar da ita da safe, allurar agogon baƙin mai sai ta kwanta ta ƙi motsi, injin kuma ya yi ta ƙwas-ƙwas kamar ana dukan tsohon bokiti, sai ya ɗumama sannan ya yi shiru. Ya je ya ce wa maigidan a sauke inji a duba famfon mai, don man ba ya hawa da wuri, ƙarfe na cin ƙarfe. Alhaji kuwa in ka ce masa "gyara", ka zagi kakansa ke nan. Ranar kasuwa, a tsakiyar tashar Karaye, ya ɗaga murya ya ce lafiyar motarsa ƙalau, Sulle ne ke zuƙe man yana sayarwa. Ya fizge makullinsa ya yi gaba.

Tun daga ranar babu mai motar da ya sake yarda ya miƙa wa Sulle sitiyari. Ya koma acaɓa da babur ɗin aro. Matarsa Saude ta daina zuwa biki saboda habaicin mata. In an yi masa jaje ya ce ya bar wa Allah, amma a baki ne kawai. Ya tsani Alhaji, tsana mai tsanani, kuma jira yake yi.

Rannan wani dattijon Bafulatani daga Ruwan Bago, mai suna Ilu, ya tsayar da shi ya ce ya kai shi Karaye. A hanya yake ba shi labari ya sayar da bijimai zai sayi motar Alhaji Ɗanmaliki, har ya je da rana an tayar masa, murya lafiya lau. Saura kaɗan Sulle ya zubar da su a kwata.

Ya rage gudu ya ce, "Baffa, in za ka sayi bijimi, a tsaye kawai kake ganinsa ka biya?"

Ilu ya ce, "Haba yaro! Wa zai sayi sa bai ga yadda yake tashi daga kwance ba?"

"To ita ma mota da safe take tashi daga kwance. Ka ce ta kwana a tasha, makulli a aljihunka. Gobe ka taɓa injin ka ji sanyi, sannan a tayar."

Alhaji bai sami hanyar ƙi ba, don shi da bakinsa ya rantse wa Ilu cewa tun da ya rabu da ɓarawo allura ba ta sake gardama ba. Sulle kuma bai gaya wa kowa ba sai mai shayin tasha, wanda gaya masa magana daidai yake da shela a masallacin Juma'a.

Aka kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi. Kafin rana ta ɗaga direbobi da 'yan kamasho sun yi da'ira. Ilu ya ɗora tafin hannunsa a kan injin, ya gyaɗa kai, ya miƙa makulli. Alhaji ya tattare farar babbar rigarsa ya hau da kansa, ya murɗa.

Ƙwas-ƙwas-ƙwas. Ilu ya taka matakala ya leƙa, allura tana kwance abinta. Gumi ya karyo wa Alhaji duk da sanyin nan.

Sulle ya san in aka ƙyale ta ta yi ta gunaguninta a hankali, allurar za ta rarrafo, ƙarar ta lafa, Alhaji ya sami bakin kare kansa. Ya kuma san abin da ke faruwa da inji mai sanyi in aka matsa masa alhali mai bai hau ba. Ya matso, ya rusuna kamar mutumin kirki.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan taka mata totur mana. Ƙila nauyin barci ne."

Duk direban da ke wurin ya san wannan shawarar guba ce. Amma suka ƙyale Alhaji ya bi ta, don kowa da tabonsa a jikinsa. Alhaji kuwa a ganinsa ya samu hanyar tsira, ya danne totur har ƙasa. Motar ta yi wani kururuwa da ya kori awakin tasha, sai aka ji gaf! Ta yi tsit. Hayaƙi ya taso a hankali daga ƙarƙashinta.

Wani tsohon direba ya ce, "Inna lillahi. Inji ya buga."

Ilu ya sauko ya dafe aljihunsa yana hamdala. Alhaji ma ya sauko. Sulle ya zagaya ya zaro sandar auna mai, ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ga mai nan cike har alama.

Ya ce, "Jama'a ku shaida. Tun bara rabona da motar nan. Ga mai cike, amma inji ya buga."

Sannan ya kama gefen farar rigar Alhaji, ya goge sandar a jiki sannu a hankali, ciki da baya, ya damƙa masa ita a hannu.

Sulle ya ji daɗi, daɗin da ya daɗe bai ji irinsa ba. Ya hau babur ɗinsa ana ta kiransa ya zo ya sha shayi. Amma bai yarda ya waiwayi motar ba, don ya san in ya kalle ta, a gaban mutanen nan zai fashe da kuka.