Ungozomar Ƙetaren Kogi

Tun kafin motar ta tsaya a bakin kogi Mma Tiyumba ta fara leƙe ta taga. Ruwa ya ƙaru a kan yadda ta bar shi, ya shanye gangaren da ake sauka, ya yi jawur yana tafe da rassan itace. Ta saci kallon Serwaa, sabuwar ungozomar da aka turo daga Kumasi. Yarinyar ta rungume jakarta.

Tiyumba ta yi aikin jinya har ƙarfinta ya fara raguwa, a kan babur take zaga ƙauyukan Dagomba tana rigakafi da awon ciki. Da ta yi ritaya, mutanen garinsu Kunduli suka zaɓe ta kansila. Sai aka ba mazaɓarta ƙaramin asibiti guda ɗaya tak, ita kuwa ta tsaya kai da fata sai an gina shi a Nawuli, ƙetaren kogi, inda mai naƙuda sai an ɗauko ta a kan ƙyauren ƙofa zuwa kwalekwale, wasu kuma a tsakiyar ruwa suke cikawa. Mutanen Kunduli ba su yafe mata ba. Wanta Napari har ya daina amsa gaisuwarta. An gama gini, an yi fenti, amma duk ungozomar da aka turo, da ta ga kogin sai ta juya. Daraktan lafiya na gunduma ya faɗa mata ƙiri-ƙiri cewa wannan ce ta ƙarshe. In ita ma ta ƙi, za a kwashe kayan aiki a rufe wurin.

Mba Azindoo mai kwalekwale yana kwarfe ruwa da ƙoƙo, ya ɗago yana dariya.

"Honarabul, an kawo mana wata? Ki ce ta cire takalman nan masu tsini, kadan kogin nan ba ya son tsini a maƙogwaro."

"Allah ya shirye ka, Azindoo. Gemu ya yi fari, baki bai nutsu ba."

Ta gode wa Allah da yarinyar ba ta jin Dagbanci, harshen Dagomba. Amma ido ba ya neman tafinta. Serwaa ta dubi ruwan da ke cikin kwalekwalen, ta dubi injin da aka ɗaure da igiya, ta ja baya.

"Mama, ba zan iya ba."

Tiyumba ta matso kusa da ita. Ta shiga lallashi da ɗan yaren Asante da ta tsinta lokacin karatu. Ta ce ɗakin yana da fitilar sola, matan Nawuli sun share shi, sun tara mata doya da ƙwan zabi. Ta ce akwai masu tsohon ciki da suke ƙirga kwana.

"Ke a ina kike kwana, Mama?"

"A Kunduli."

"Inda akwai wuta da titi. Kowa da na gani yau gari zai koma. Darakta ya sa hannu ya koma ofis, direba zai juya yanzu, ke ma ki miƙa ni ki dawo. In jini ya ɓalle wa mace, ni kaɗai, ba na ko jin abin da take faɗa, wa zan kira? In ta mutu a hannuna, sunan wa za a ambata?"

Tiyumba ta dubi ƙetaren kogin. Ta san wannan tsoron, ta sha shi tana yarinya a bakin aiki. Ta kuma san abin da ke jiranta a gari: majalisa za ta zauna a kan rabon rijiyoyin burtsatse, zaɓe ya ƙarato, ɗan kawunta mai neman kujerarta ya riga ya fara yawo yana cewa ta sayar da Kunduli. In ta ɓace yanzu, ta ba shi wuƙa da nama.

Direba ya tayar da mota. Serwaa ta waiwaya ta dube shi.

"Kashe motar nan!" in ji Tiyumba. Ta juyo. "'Yata, in na zauna da ke fa? Har ruwa ya janye. Hannuna ya tsufa, amma bakina yana aiki. Ke ki karɓi haihuwa, ni in yi miki tafinta in dafa ruwa."

"Da wannan zanen na jikinki za ki zauna?"

"Matan Nawuli ba za su bar ni tsirara ba."

Yarinyar ta dube ta, sannan ta sunkuya ta cire takalmi.

A tsakiyar kogi injin ya yi tari ya mutu. Ruwa ya juya hancin kwalekwalen, ya fara jan su ƙasa. Serwaa ta damƙi hannun Tiyumba tana kiran Yesu, Tiyumba tana salati a ciki, tana ta ayyana yadda za ta dubi uwar yarinyar nan. Azindoo ya ja igiya, shiru. Ya sake ja, shiru. Ya zagi injin har kakansa, ya ɗauki filafili ya shiga tuƙi da iya ƙarfinsa. Can ƙasa da mashiga suka daki gaɓa, cikin ciyawa da taɓo, suka taka da ƙafa zuwa gari. Matan da suka zo tarya suka rangaɗa guɗa, Serwaa kuwa ta durƙusa ta yi amai.

A damunar nan sun karɓi haihuwa da dama. Jariri ɗaya ya zo ba rai, suka yi kuka tare. Rijiyoyin da aka raba Tiyumba ba ta nan, ko ɗaya Kunduli ba ta samu ba, kuma da zaɓe ya zo ɗan kawun ne ya ci. Serwaa ta koyi gaisuwa da zagi da Dagbanci, har matan suka laƙaba mata suna Wumpini, wato kyautar Allah. Da kaka ta yi, ta nemi hutu ta je ganin gida. Tiyumba ta raka ta bakin kogi, ta kasa tambayarta ko za ta dawo.

"Mama, buhun gyaɗata yana ƙarƙashin gado," in ji Serwaa daga cikin kwalekwale. "Kar ki bar ɓeraye su cinye."

Tiyumba ta ce to. Ta koma asibitin ta tarar da mata a kan benci suna jiran awo, ta wanke hannu ta kira ta farko.