Takarda Mai Hoton Duniya

Dokta Nasidi yana tsaye a ɗakin shan shayi na asibitin da yake aiki a unguwar Al-Sadd ta birnin Doha, kofin shayin karak ya huce a hannunsa, yana sake sauraren saƙon muryar da ya shigo masa tun safe. Karo na huɗu ke nan. Muryar Malam Dikko ce, wani malamin firamare a Dutsin-Ma wanda bai taɓa gani ido da ido ba, tana fita a natse cike da ladabi:

“Ranka ya daɗe, albishirinka. Na je asibitin koyarwa na ce su cire sunan Zuleiha daga aikin ranar Litinin, tunda ku za ku ɗauke ta zuwa waje. Muna jiran ranar tafiya.”

Zuleiha ’yar Malam Dikko ce, shekararta bakwai, da rami a zuciyarta aka haife ta. Likitocin zuciya na ƙasar waje sukan zo asibitin koyarwar nan sau ɗaya a shekara, su yi wa yara kaɗan aiki su koma. Shekara biyu tana layi kafin sunanta ya fito. Shi ne uban ya je da ƙafarsa ya ce a soke, saboda wata takarda da Nasidi ya sa wa hannu.

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Dokta Harlan ne, Ba'amurken likitan ƙashi, ya ɗora wata sabuwar hula kan furfurarsa, bakinsa ya ƙi rufuwa.

“Nasidi, taya ni murna! ’Yan garinmu sun cinye gasar besbol, ƙwallon nan da ake bugawa da sanda. Mu ne zakarun duniya!”

Da Turanci suke magana, kuma sun saba tsokanar juna. Yau Nasidi ba ya jin wasa, amma haushin da ke cinsa yana neman inda zai sauka.

“Wace duniyar? Da Japan kuka buga, ko da Kuba?”

“Da wani gari dai na ƙasarmu.”

“To ka gani. Garuruwanku ne kawai, sai ƙungiya ɗaya daga Kanada, amma kun laƙaba wa abin World Series, wai gasar duniya. Wa ya ba ku duniyar?”

Harlan ya yi dariya, ya jawo kujera. “Ba wanda ya ba mu, ɗauka muka yi. Sama da shekara ɗari da suka wuce masu shirya wasan suna son jama'a su cika fili, sai suka ce wanda ya ci shi ne gwanin duniya. A lokacin ba wata ƙasa da za ta yi musu gardama. Sunan ya zauna. Yanzu in ka matsa mana sai mu ce ai gwanayen Japan da Benezuwela duk wurinmu suke zuwa bugawa.” Ya ɗaga kafaɗa. “Cika baki ne, na yarda. Amma kowa ya san cika baki ne. Wa ya taɓa cutuwa da suna?”

Nasidi ya ajiye kofin. Ya fita.

Shekara uku da suka wuce, a falonsa, ma'aikatan lafiya ’yan Arewa da ke Doha suka zauna kafa ƙungiya. Abdulbaqi, mai haɗa magunguna, ya ce a kira ta Ƙungiyar Ma'aikatan Lafiya Mazauna Doha. Nasidi ne ya ƙi. Ya ce sunan ya yi ƙanƙanta, ba wanda zai saurare su a gida. Shi ya kawo Gidauniyar Lafiya ta Hausawan Duniya, shi ya sa aka zana hoton duniya a saman takardunsu, da hannaye biyu suna tallafe da ita. Duk abin da suka taɓa yi bai wuce aika na'urorin awon jini da tabarau zuwa wasu ƙananan asibitoci da azumi ba. Shi kansa Nasidi, shugaban gidauniyar, likitan haƙori ne.

Da wasiƙar Malam Dikko ta zo wata biyu baya, da hoton yarinyar a maƙale, Nasidi ya kasa rubuta “ba za mu iya ba”. Ina zai iya kallon wannan fuskar ya ce a'a? Sai ya rubuta abin da ake rubutawa: an karɓi buƙatarku, kwamiti zai duba, in sha Allahu za ku ji alheri. Duk wanda ya saba da ofis ya san ma'anar wannan. Malam Dikko bai saba ba. Hoton duniya ya gani, da hatimi, da sa hannun Babban Shugaba.

Tsakanin mara lafiya na biyu da na uku ya kira Abdulbaqi.

“Subhanallahi,” in ji Abdulbaqi. “Amma wa ya ce masa ya soke? Mu ba mu yi masa alkawari ba. Karanta takardar, ba inda muka ce za mu ɗauke ta.”

“Shi haka ya fahimta.”

“To ka ce masa ana kan dubawa, shi ke nan. In ya ji shiru zai koma layi da kansa. In ka fito ka ce ba mu da komai, gobe maganar tana Facebook, sunanmu ya ɓaci.”

Wannan shawara ta yi wa Nasidi daɗi, kuma daɗin da ta yi masa ne ya fi ba shi kunya. Ya cire wa wani ɗan Nepal haƙori hankalinsa yana wani wuri, har ma'aikaciyar jinya ta dube shi sau biyu.

Kafin azahar ya samo lambar wata abokiyar karatunsa, Dokta Fausatu, wadda ke sashen yara a asibitin koyarwar. Ya roƙe ta kamar bai taɓa roƙon kowa ba.

“Nasidi, na san yarinyar,” ta ce. “Ni na zaunar da uban na ce kada ya yi. Ya ciro takardarku daga aljihu ya nuna mini, a cikin leda ya naɗe ta. Tun jiya aka ba wata yarinya gurbin, an riga an kwantar da ita. In cire ta in ce mata me?”

“Sai yaushe kuma?”

“Sai baɗi, in sun dawo. In kuma zuciyar ta jira.”

Bayan salla bai koma ciki ba. Ya zauna a matakalar bayan asibitin, inda injinan sanyaya ɗaki suke huci, masu babur na kai abinci suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ya rubuta “ana kan dubawa”, ya goge. Ya rubuta “a ƙara haƙuri”, ya goge. Tsoro yake ji ƙwarai, irin wanda bai ji ba tun yana ɗalibi. Daga ƙarshe ya danna kira.

Bugu ɗaya aka ɗauka. Ana jin hayaniyar yara a bayan muryar.

“Ranka ya daɗe! Da kanka? Bari in fita daga aji.”

“Malam Dikko, ka saurare ni, kada ka katse ni. Gidauniyar nan mu tara ne. Dukkanmu a gari ɗaya muke, a falona muke taro. Ba mu da asibiti, ba mu da jirgi, ba mu taɓa kai kowa ko'ina ba. Ni haƙori nake cirewa. Ba za mu iya ɗaukar Zuleiha ba, kuma tun ranar da na sa hannu a takardar nan na san haka. Na kira asibitin, an ba wata gurbinta. Laifina ne.”

Nasidi ya duba wayar ko layin ya yanke. Ya so mutumin ya zage shi, ya tsine masa, ko ya sami abin riƙewa.

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un,” Malam Dikko ya faɗa a hankali. Ya ja numfashi. “To. Na gode da ka faɗa mini, likita.”

“Zan nemi wata hanya. Ban ce zan samu ba.”

“Na ji.”  Sai muryar ta yi ƙasa, kamar mai gudun kada wani ya ji. “Likita, kai da ka yi karatu, ka taimake ni da abu ɗaya. Uwarta ta ɗinka mata kayan tafiya, jiya ma aka yi mata kitso. Da an tashi makaranta, gida zan nufa. Me zan ce musu?”

Nasidi ya matse wayar a kunnensa.

“Likita? Kana ji na?”

“Ina jin ka,” ya ce.