Ledar da Goggo Ta Yi wa Magani

Noti ake ce masa, saboda duk aljihun rigarsa da ka sa wa hannu sai ka taɓo noti. Shagonsa ɗan ƙarami ne, yana manne da na wani tela, kuma sana'arsa gyara da sayar da tsofaffin kwamfutoci. Abin da wasu suka yar, shi yake tsinta ya goge ya hura masa rai.

A makon nan ya yi babban kamu. Wani mai gidan buga katin biki, daga wani gari mai nisa, ya kira shi a waya. Kwamfutar da ke juya injin yankan takardarsa ta mutu, injin kuwa tsoho ne mai taurin kai, ba ya jin maganar kowace sabuwar kwamfuta, sai irin tsohuwar sak. Noti yana da irinta a ƙarƙashin tebur, ya daɗe yana ɗora ƙafa a kanta. Ga ta, ga allonta mai ƙeya, irin wanda in ka ɗaga sai bayanka ya yi maka magana.

"Ka rufa mini asiri ta iso da ranta," in ji mai katin. "Wadda na saya a wani wuri, da na girgiza kwalin sai na ji kamar tsakuwa a gwangwani."

"Ranka ya daɗe, ko ƙwarzane ba za ka gani ba," in ji Noti.

Ya sayo ƙaton naɗi na ledar nan mai ƙananan kumburin iska, ya jingine shi a lungu. Da safe ya kwance kwamfutar, ya zare faifan ajiyarta da sauran abubuwan da za su iya ɓallewa a hanya, ya sa kowanne a ledarsa ta musamman mai ruwan toka. Saura kwali kawai. Motar kamfanin aika kaya kuma da yamma take tashi.

Goggo, ƙanwar mahaifinsa, ta zo ganin likitan ido ta sauka a gidansa. Zaman gida ya ishe ta, don haka kullum sai ta biyo shi shago ta zauna a kujerar baƙi tana yi wa masu wucewa sharhi.

"Goggo, zan je wajen mai sayar da firiji in samo kwali. Don Allah kada ki taɓa komai."

"Ni da ko gani ba na yi sosai, me zan taɓa?"

Ya daɗe a can, don sai da aka sauke firiji daga kwali kafin a ba shi. Yana dawowa, tun daga bakin titi ya fara jin wata ƙara: ɓas, ɓas, ɓas. Ya leƙa. Goggo na zaune ta shimfiɗa ledar a cinya, Tela ya bar kekensa ya zo ya tsuguna a ɗaya gefen, awo na rataye a wuyansa. Ledar ta kwanta a ƙasa laƙwas, tun daga ƙofa har bayan tebur.

"Goggo! Me kuka yi?"

"Sannu da dawowa. Wannan leda taka an cuce ka, duk ƙuraje ne a jikinta. Na ce bari in matse mata su kafin ka dawo."

"Ƙurajen su ne ledar! Su na saya!"

Goggo ta dube shi ta saman tabarau. "Ka ba da kuɗinka aka ba ka iska?"

Noti ya juya ga Tela. "Kai da ka san amfaninta fa?"

"Wallahi na shigo ne in hana ta," in ji Tela, kansa a ƙasa. "Sai ta ce in gwada ɗaya." Yana magana babban yatsansa na lalube, ya sami wani da ya tsira. Ɓas.

Inda ake sayar da ledar yana can ƙarshen gari, in ya je ya dawo mota ta tafi. Noti ya zauna a kan kwalin firijin ya riƙe kai.

"Tashi, ɗan nan," in ji Goggo. "Ni da na yi shekaru ina kai ƙwai kasuwa a bayan akori-kura, ko ɗaya bai taɓa fashewa ba. Wannan ƙarfen ya fi ƙwai laushi ne?"

"Wani wajen ya fi, Goggo."

"To sai mu yi masa abin da ake yi wa jariri. Kada ya motsa, kada ya ji sanyi."

Ta kama aiki kamar ita ce mai shagon. Ta tura Tela ya kwaso buhun ƙyallayen da ya tara. Ta sa Noti ya kira matarsa, Maman Biyu, ta kawo duk wani abu mai laushi da ke gidan. Ba a jima ba sai ga Maman Biyu da matasan kai a ka, da bargo, da tawul, da rabin ledar famfas da 'yan biyunta suka girme wa.

"Waye ba shi da lafiya?" ta tambaya tana haki.

"Kwamfuta," in ji Tela.

Abu biyu Noti ya tsaya a kai: babu ƙyallen da zai taɓa cikin kwamfutar kai tsaye, kuma kwali biyu za a yi, wani ƙarami da ke shagon a cikin babban na firiji. Ya cusa takarda a cikin akwatin kwamfutar don kada komai ya yi rawa, ya rufe, ya ɗaure notinta. Ya kifa fuskar allon a kan soson kujerar baƙi, wanda Goggo ta tashi ta sadaukar. Daga nan ragamar ta kuɓuce masa. Goggo ta ɗaura wa kowane kusurwa famfas. Ta cire mayafinta na biyu ta naɗe faifan ajiyar, ta ƙulle shi irin ƙullin da ba ya kwancewa sai da haƙori. Tela ya ɗinka wa allon riga a tsaye, har da aljihu, wai hannunsa ne ya saba.

Suka sa ƙaramin kwalin a cikin na firijin, suka bi gefe da gefe da matasai da ƙyallaye. Noti ya girgiza. Shiru.

"Ƙara," in ji Goggo.

"Ya isa, Goggo."

"Na ji wani abu ya yi numfashi. Ƙara."

Aka ƙara bargo. Aka ƙara tawul. Bakin kwalin ya ƙi haɗuwa, sai da Goggo ta taka kujera ta hau ta zauna a kai, Noti da Tela suna zagaye ta da salatif, Maman Biyu na riƙe da ƙafarta don kada a haɗa da zane.

Sai kwalin ya ƙi fita ta ƙofa. Ya shigo a ninke, yanzu ya yi ciki. Suka juya shi ta tsaye, suka juya ta kwance. A ƙarshe Noti ya zaro sukudireba ya kwance ƙofar shagon gaba ɗaya, ya jingine ta a bango, ya bar Maman Biyu tana gadi. Masu tasi biyu suka tsaya, suka kalli kayan, suka ja motarsu ba ko sallama. Tela ya aro baro.

Haka suka bi titi, Noti na turawa, Tela na tallafe da gefe, Goggo na gaba tana kora mutane da hannu. "A ba da hanya, marar lafiya ne!"

A ofishin aika kaya, wata mata ce a bayan kanta, mai fuskar da ta ga kaya iri-iri ta daina mamaki. Suka ɗora kwalin a sikeli.

"Firiji ne?"

"Kwamfuta ce, Hajiya."

"Guda nawa?"

"Ɗaya."

Ta kalli kwalin, ta kalli Noti. "Akwai wani abu mai batir a ciki? In akwai, ba a nan layin zai bi ba."

"Babu ko ɗaya. Ni na haɗa kayan da hannuna."

Bai rufe baki ba kwalin ya fara waƙa. Wata ƙara ce siririya daga can ƙasa, kamar kaza a rijiya. Duk mutanen da ke layi suka ja da baya.

Goggo ta shafa ƙugunta, ta shafa ɗaya gefen. "Ikon Allah. Wannan kukan wayata ne."

"Goggo, ina kika sa ta?"

"A bakin mayafina nake ƙulle ta, kullum."

Matar ta ajiye biro. "Sai an fito da ita."

A waje direba ya riga ya tayar da mota. Noti ya roƙi reza, ya yanka ƙaramar taga a gefen babban kwalin, ya zura hannu har kafaɗa. Wayar ta yi shiru. Tela ya ce bari ya taimaka, ya kira lambar, ya kara tasa wayar a kunne yana jira a ɗauka.

"Hagu," in ji wani mutum daga layi, ya manna kunne a kwalin. "A'a, ƙasa. Ta koma dama."

"Waya ce, ba ɓera ba," in ji Noti, kumatunsa a manne da kwali.

Ya jawo tawul. Ya jawo famfas, wata mata a layi ta ce Allah ya raya. Ya jawo hannun wata riga da Tela ya yi wata guda yana nema, har mai rigar ya daina gaishe shi. Sai da ya huda ƙaramin kwalin shi ma kafin yatsunsa suka taɓo ƙullin mayafin. Ya kasa kwancewa da hannu ɗaya. Goggo ta ture shi, ta zura nata hannun, ta rufe ido, bakinta na motsi. Ta fito da wayar, faifan kuwa yana nan a naɗe bai motsa ba.

Wayar ta sake ƙara a hannunta. 'Yarta ce. Goggo ta jingina da kanta ta fara ba ta labarin likitan ido tun daga farko, yayin da Noti ke mayar da kaya ta tagar yana cusawa da gwiwar hannu. Ya toshe hujin da guntun kwali, ya bi da salatif har sai da naɗin ya ƙare. Ya girgiza. Shiru. Ya zana kibiya mai nuna sama a kowane gefe, ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa abin fashewa ne.

"Gyara wannan rubutun," in ji matar, ba ta ko ɗaga kai ba. "In ba so kake a kira mana 'yan sanda ba."

Ya soke, ya rubuta: a yi a hankali, gilashi ne.

Goggo ta gama waya ta bi masu lodi har bakin mota. Ta tambayi direban ko yana da uwa. Ya ce yana da ita. Ta ce to ya ɗauka ita ce a cikin kwalin nan. Direban ya sa aka sauke wasu buhuna, aka ba kwalin wuri a lungu, ya ɗaure shi da igiya da kansa, ya ce, "Mama, ko rami na gani sai na yi masa sallama."

Bayan 'yan kwanaki, suna cin abincin rana a gida, mai katin ya kira. Noti ya ajiye cokali ya ɗauka.

"Ta iso! Injin yana ta yanka tun safe. Sai dai ni da ma'aikatana mun sha tono kafin mu same ta." Ya yi dariya, sai kuma muryarsa ta yi laushi. "Amma Malam Noti, waye ya gaya maka matata ta haihu?"

"Haihu?"

"Famfas, tawul, bargo, har da matasai. Wallahi da ta gani sai da ta yi hawaye. Ta ce 'yan uwanta ma ba su yi mata haka ba."

Noti ya kalli Maman Biyu, wadda tun ranar take kwana da hannu a ƙarƙashin kai, tana jiran a dawo mata da kayanta. Ta ji komai. Ta miƙo hannu, ya ba ta wayar yana addu'a a zuci.

"Salamu alaikum. Ba ni maijegon." Ta saurara. "Barka, 'yar uwa, barka da arziki. Mace ko namiji? Kai, masha Allah. Yana kama nono sosai? To ki riƙa ɗaga masa kai kaɗan. A'a, haba, ba komai, ai yi wa kai ne."

Ta tashi da wayar ta shige ɗaki. Noti yana jin ta tana buɗe akwati, tana cewa akwai rigunan 'yan biyu da ko sau uku ba a sa ba, da wani ɗan baho mai kyau, da kwalaben madara na gilashi, gobe-goben nan za a aiko.

Ta leƙo ta labule, ta rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Baban Biyu, in ka gama ka je wajen mai firiji."