Gayyar Kwamfutoci Goma

Rumaisa ta rubuta manhajar raba ruwan rani ga wata ƙungiyar manoma a Mafara, amma shugabanni suka ce sai injiniyansu ya amince ranar Talata, in ba haka ba a watsar da ita. Shi kuwa injiniyan, kansa ya fi dutse tauri. Ya ce a dasa wa manhajar kuskure da gangan, ɗaya bayan ɗaya, har dubu biyu, a ga ko gwajin da Rumaisa ta rubuta don tantance manhajar zai kama kowanne. Kwamfutarta ta ce sai kwana shida, ga shi ranar Lahadi ce.

Ta bi 'yan uwa da abokan karatu ta ari kwamfutoci ta intanet: uku a Mafara, biyu a Bakura, biyar a wata makaranta a Maradun. Ta raba wa kwamfutocin kurakuran ɗari bibbiyu cif, tana jin kanta gwanar adalci.

Da safiyar Litinin na Mafara da Bakura sun gama, sun yi zaman 'yan kallo. Na Maradun, tsofaffi ne tukuf, ko kwata ba su ci ba. Tsoro ya kama ta sosai.

A haka kawunta Sallau ya tarar da ita, ya dawo daga fadama. Ta zayyane masa komai. Bai san kwamfuta ba, amma dariya ta kusa kayar da shi.

"Ke ɗiyata, wa ya gwada miki gayya haka? Tun da munka tashi ba mu taɓa yanka ma tsoho da saurayi fili guda ba. Kunyar noma guda kowa ka ɗauka. Wanda duk ya ƙare, shi kama ta gaba."

Kunya ta kama Rumaisa, sannan ta zabura. Ta tara ragowar kurakuran wuri guda, kowace kwamfuta ta ɗauki ɗaya, in ta gama ta dawo. Kafin magariba layi ya ƙare. Kurakurai biyu kawai suka kuɓuce wa gwajin, ta ƙara gwajin da ya cafke su.

Ranar Talata injiniya ya ƙi yarda da takardar sakamakon. Ya jawo kwamfutar Rumaisa, ya ɓoye nasa kuskuren da hannunsa, wanda zai hana gonar ƙarshe ruwa. Ko gyara zama bai yi ba gwajin ya tona shi.

Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya juya ga shugabanni. "Gobe a saki ruwa da lissafinta."