Jirgin Auta

Kamfanin ya cika shekara talatin da jiragen sama arba'in da biyu, kuma har yau ko ruwan sha ba ya ba fasinja kyauta. Baba Mai-fenti ba ya jin kunyar wannan rowa, don ya san inda aka haife ta. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka fara aiki da marigayi mai kamfanin, tun ofishin yana ɗaki guda a bayan shagon faci.

Tarihin kamfani ya ce da jirage biyu aka fara, Babban Yaya da Auta, sunayen da marigayi ke kiran 'ya'yansa biyu da su. Baba ya san jirgi ɗaya ne tal. Shi da hannunsa ya rubuta Babban Yaya a dama, Auta a hagu, don marigayi ya ce ba mai ba kamfani mai jirgi ɗaya amanar ransa. Da safe matuƙi ya ajiye shi ɓangare ɗaya na kallon ɗakin jira, da yamma ya juyo ɗayan. Fasinja kuwa, tun da ba a raba lambar kujera, da gudu suke shiga, ba mai ɗaga kai ya karanta komai. Da jirgin ya tsufa, marigayi ya sa aka cire masa fukafukai, aka jingina hagunsa da bangon rumfar gyara, sannan ya sa Baba ya yi alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba.

Yanzu Auta ce shugabar kamfani, kuma tana son jirginta a gaban sabon ofishi kafin ranar bikin cika shekara talatin. Tun tana ƙarama take taƙama da cewa mahaifinta ya ba ta jirgi sukutum. Ta kafa kwamiti, kwamiti ya yi wata uku yana nema. Da suka ga lambar jiragen biyu iri ɗaya ce a tsofaffin hotuna, sai suka yanke hukuncin cewa mai hoto ne ya yi shirme. Baba yana ji, yana gauraya fentinsa.

Sai ga wani dillalin tsofaffin ƙarfuna ya ce ya gano jirgin. Aka kira Baba ofis ya shaida hoton kafin shugaba ta sa hannu a saya. Ya saka tabarau, ya duba, ransa ya ɓaci. Gawar wani jirgi ce, an rubuta mata Auta da fentin ƙofa, haruffan suna gangara kamar mai rubutun yana kan jaki. Ƙaryar ba ta ƙona masa rai ba kamar yadda za a kafa wannan kazanta a gaban ofis a ce aikin hannunsa ne. Ya tuna alkawari, ya nemi afuwar marigayi a zuci, ya ce Auta ta biyo shi, ita kaɗai.

A rumfar gyara, tsakanin tsohon jirgin da bango sai an karkata ake wucewa. Shugabar kamfani ta kutsa da tsadadden mayafinta, yanar gizo-gizo tana kama mata fuska. Baba ya goge ƙurar jikin jirgin da hannun riga, ya haska fitilar waya. Ga sunanta nan, harafi huɗu a miƙe, ko ɗigo bai zuba ba.

Ta daɗe tana kallo. Ta zagaya ta karanta sunan yayanta, ta dawo. Tausayinta ya kama Baba, don ya ga yarinyar da ya sani ce ke tsaye, idonta ya cika da ƙwalla.

"Baba, ashe rabin jirgi ya ba ni?"

"Rabin da ke da ƙofa, Auta. Duk wanda ya taɓa hawa jirgin nan, ta ƙarƙashin sunanki ya shiga."

"Ɓangaren Yaya fa?"

"Ta can ake kwashe ban-ɗaki."

Ta yi dariya har ta dafa bango, hawaye na zuba. Ta ce a sallami dillali, a kawo mota ta janyo jirgin a juya shi. Sannan ta ciro waya ta kira yayanta, ta tambaye shi ko a zaune yake, don tana da labarin jirginsa.