Layin Karan Dawa

Tun da Hamdiyya ta kafe a kan sai ubanta ya koma gidanta a Konni, Chindo bai sake jin daɗin tuwo ba. Ba ƙin 'yar tasa yake ba. Gwiwoyinsa sun gama aiki, matarsa ta rasu bara, gonar Tsarnawa kuma ta fi ƙarfinsa. Damuwarsa ɗaya ce: Duna, baƙar karyarsa ta farauta. Mijin Hamdiyya limamin unguwa ne, ya kuma faɗa cikin ladabi cewa kare ba ya kwana a gidansa. To, ina za a kai ta? A sake ta ta bi juji har wani ya jefa mata nama da guba?

Abdulwahab, ɗan ƙanwarsa, gadi yake yi a wani garejin motocin siminti a Malbaza. Shi ya kawo labari cewa ana neman kare a wurin, amma mai kula da karnukan, wani tsohon jandarma da ake kira Ahmadu, sai ya gwada kare kafin ya karɓa. Ya nuna wa kawun gwajin a waya: sanduna a jere, kare na ratsa su dama da hagu kamar ana saƙa zana.

"Wanga kuma mi ne amfaninshi?" in ji Chindo.

"Da shi suke gane kare mai jin magana, Kawu."

"Tazarar sandunan fa?"

"Ka dai jera su. Layi ne kawai."

Layi ne kawai! Mutumin da ya yi furfura yana shuka hatsi za a koya wa layi? Chindo ya ɗauki sungumi ya zagaya bayan gida, ya sari ƙasa yadda ƙafarsa ta saba, taki ɗaya rami ɗaya, taki ɗaya rami ɗaya. Da fari itacen geza ya kakkafa. Duna ta shiga da gudu, wani tsinke ya yage mata gefen ido, jini ya tsattsafo. Tsohon ya zauna a ƙasa yana shafa kanta yana salati. Ranar ya tumɓuke gezar kaf, ya je rumbu ya zaɓo karan dawa masu kauri. Kara dai ba ya ji wa kowa ciwo, in an ture shi sai ya kwanta.

Daga nan aka shiga wahala. Rana na yin sanyi zai fito yana jan ƙafa, da ƙuli-ƙuli a hannu, yana bin layin a duƙe, karya na bin hannunsa. Kafin ya kai ƙarshe bayansa ya riƙe. Awaki su cinye ganyen karan su kayar da shi, ya sake kafawa. Maƙwabta kuwa abin nema ya samu. "Malam Chindo, bana kara kake shukawa? Allah ya ba da damana!" Ko kallonsu bai yi ba, don ba shi da sauran ƙarfin faɗa. Ya gaji, wallahi ya gaji, gajiyar da barci ba ya wankewa.

Duna dai ta iya. Sai ka ga ta saki jiki tana dogon tsalle daga wannan rami zuwa wancan, in kara ya tsone mata hanya ta sa kafaɗa ta ture shi ta wuce. Chindo na ganin haka sai ya ji sanyi a ransa, ya ce wannan kam ko jandarma sai ya sara mata.

Ranar gwaji Abdulwahab ya ɗauko su a babur, karyar a tsakiyarsu. Chindo na sauka ya ga sandunan Ahmadu. Na ƙarfe ne, an liƙe su da walda a kan doguwar shimfiɗar ƙarfe, kuma a matse suke.

"Ranka ya daɗe, ba su yi kusa da juna ba?"

"Santimita sittin ne, Baba, ko'ina haka ake yi," in ji Ahmadu. "Kai nawa ka ba ta?"

"Taki guda. Irin na shuka."

Ahmadu ya koma gefen layin. Ya ce a sake ta.

Duna ta shiga da tsallenta na bayan gida, ta ƙetare sanda biyu, ta uku ta tare ta. Ta sa kafaɗa kamar kullum. Ƙwal! Ƙarar ta kai har bakin ƙofa. Ta yi ƙara ta faɗi gefe, ta miƙe, ta dubi maigidanta, ta sake komawa. Ƙwal! Ba wanda ya ce ta koma, ita ta ga bai kamata ta bar aikin a tsakiya ba. Da ta fito ƙarshen layin tana ɗingishi sai ta zo ta zauna a gabansa tana kaɗa wutsiya, ita ala dole ta yi daidai.

Chindo ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce a hankali, "Laifina ne, ba nata ba."

Ahmadu ya durƙusa ya lalubi kafaɗar, ya daɗe yana dubanta.

"Ba karaya. Baba, karen da zai daki ƙarfe ya koma da kanshi ba a samunshi a kasuwa. Zan riƙe ta."

"Alhamdu lillahi," in ji Abdulwahab.

"Tsaya, da saura. Sai na kankare mata duk abin da ta koya, tazarar da turin. Muddin tana ganinka ko tana jin muryarka, ba za ta saki naka ta kama nawa ba. Kada ka zo, Baba. Ko sallama kada ka yi mata, ka tafi kawai."

"Har yaushe?"

Ahmadu ya miƙa hannu. Chindo ya dubi igiyar da ke hannunsa, ya ba shi. Abin da ya yi ta roƙon Allah ke nan, ga shi an ba shi, amma zuciyarsa kamar an ɗora mata buhun siminti.

Ya juya ya kama hanyar ƙofa. Duna ta fara kuka, siririn kuka da fari, sannan ta ɓarke da haushi tana fizgar igiya. Abdulwahab ya biyo shi da gudu.

"Kawu, tsaya in tada babur."

"Koma bakin aikinka. Mota zan shiga."

A bakin titi akwai inuwar itacen bedi, har da benci, amma daga can ana hango cikin garejin. Chindo ya wuce ta, ya zagaya bayan wata tirela da aka ajiye, ya zauna a ƙasa cikin rana inda karyar ba za ta gan shi ba. A nan ya jira motar Konni, yana jin muryarta har ta dishe.