Ƙadangare Mai Wutsiya Biyu

Shekara arba'in ina zanen ƙwarya a zauren gidana a Samaru, ban taɓa yin abin da wani ya tsaya kallo ba sai ranar da hannuna ya goce.

Ina zana ƙadangare da ƙarfe mai zafi, sai hankalina ya tafi kan wata kaza da na taɓa gani a hanyar Shika tana tafiya da baya. Ina cikin tunanin ko ita a ganinta gaba take yi, matata Barakatu ta zo wucewa da tire, ta bugi gwiwar hannuna. Ƙarfen ya zame, ƙadangare ya samu wutsiya ta biyu. Na tura ƙwaryar bayan ƙofa don kada a gani.

Ƙauna ce ta zaƙulo ta. 'Yar maƙwabcina ce, ta gama jami'a ta buɗe kasuwa a cikin waya. Babu rumfa, babu ƙuda. Hoton kaya take ɗauka ta sa, mutanen nesa su gani su saya. Mu goma sha bakwai ne a hannunta, da dukawa da masaƙa da mata masu faifai. Ni da na tsaya a aji huɗu ban fahimci inda kayan suke kwana a cikin wayar ba, amma na fahimci damuwarta, don ta sha faɗa mini. Masu saye ɗaya suke ɗauka, su yaba, su ɓace. Masu son da yawa kuma so suke kaya su fito kamar an haife su rana ɗaya, hannuwanmu kuwa ba su san haka ba. Mahaifinta ya samo mata aiki a Kaduna, ta kuma yi masa alkawari in wata ya ƙare ba ta samu babban ciniki ko ɗaya ba, za ta rufe kasuwar ta tafi.

Ana saura kwana goma ta shigo zauren da sauri, ko sallama ba ta gama ba. Wata Madam Oby mai otal a Legas ta ga hoton ƙadangaren a waya, tana son arba'in ta rataya a ɗakuna. Motar kaya za ta tashi daga Sabon Gari ranar Juma'a ta sama.

"Iri ɗaya take so, Baba," in ji Ƙauna. "Ka ji ko? Iri ɗaya."

Na ce na ji. Ni a wurina ƙadangare duk iri ɗaya ne, kamar yadda ni da ƙanena Jafaru iri ɗaya ne, ko da yake shi hancinsa ya fi nawa hankali. Wutsiyar nan kuwa na ɗauka matar ta gani ta yi shiru ne don kunya, saboda ni dattijo ne. Na ji daɗin tarbiyyarta. Na je kasuwar Sabon Gari na zaɓo ƙore arba'in da biyar, na zauna kwana shida na fitar da ƙadangaru masu kyau, kowanne da wutsiyarsa ɗaya kamar yadda Allah Ya yi shi. Ban taɓa natsuwa irin ta wannan mako ba.

Ƙauna ta zo ran Laraba, ta duba su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta zauna a kan tabarma ta dafe kai. Ta ce ƙadangare mai wutsiya ɗaya ai yana kan kowace katanga a Legas kyauta. Wutsiya ta biyun ake saye.

Na ce wannan mai sauƙi ne, mutumin da unguwa ta san shi da kuskure ba zai kasa kuskure ba. Na sa ƙarfe a wuta, na ƙara wutsiya a guda uku. Ƙauna ta tura hoto. Amsa ta dawo kafin ƙarfen ya huce: waɗannan kamar an ɗaura musu igiya ne, na farkon kuwa kamar zai gudu daga ƙwaryar. In ba irinsa ba ne, a bari.

Ƙauna ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ta ce ba komai, Kaduna ma gari ne.

Barakatu tana tsaye bakin ƙofa tana ji. Ta ce in ɗauki ƙarfen. Na ɗauka, ta bugi gwiwar hannuna, amma da yake ina jira, hannuna ya ƙame, wutsiyar ta fito kamar sanda. Ta dube ni irin kallon da take yi wa tukunyar da ta ƙi tafasa, ta jawo kujera ta zauna a gefena.

"Malam, wai kazar nan ta Shika, da baya take shiga akurki?"

Matar da ta shekara talatin da bakwai tana roƙona in daina zancen kazar nan. Na buɗe baki in yi mata bayani, don tambaya ce da na daɗe ina nazari a kai, sai na ji duka a gwiwa. Na duba ƙwarya. Wutsiya ta fita ta lanƙwashe, kamar ƙadangaren ya ji motsin mage.

Haka muka yi yini biyu. Ta tambaye ni rijiyar da ke amsa sallama, da akuyar da ke bin motar Funtuwa kawai, da duk abin da ta taɓa cewa shirme ne. Ni kuma kowane karo sai in manta, in ɗauka da gaske take son ji. Ƙauna tana gefe tana ɗaukar hoto tana cije mayafi. Ranar Juma'a da hantsi muka kai ƙore arba'in tasha, biyu na ƙarshe da ɗuminsu.

Ƙauna ba ta tafi Kaduna ba. Ta gyara rubutun da ke ƙarƙashin hoton, ta sa sunan Barakatu kusa da nawa, kuma nata ne a gaba.

Jiya ta zo da labarin Madam Oby tana da ƙawa mai otal babba, ɗari biyu take so. Ta ce kasuwa ta fara girma. Na naɗe hannun riga na nuna mata gwiwata, wadda ita ma ta girma, har man zafi Barakatu take shafa mini. Kuma labaraina sun ƙare tun a ƙwarya ta talatin da ɗaya. Gobe zan hau mota zuwa Shika, ko Allah Ya sa kazar ta bar jikoki.